Kujerar Oga Da Ƙugun Akawu

Ban san wata kalma da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar kalmar kujera ba. In aka ce wane ya biya kujera, kowa ya san Makka za shi. In aka ce ya hau kujerar na-ƙi, to ya kafe ke nan, sai dai a ƙyale shi. In kuwa zaɓe ya ƙarato, sai majalisun shayi su ɗauka: wa zai ci kujerar Wurno da Rabah, wa za a bar wa ta Goronyo da Gada, wane ya daɗe a kan kujera ya kamata ya ba wasu wuri. A yi ta ɓatawa, a yanke zumuncin shekara talatin, duk a kan kujerar da babu wanda ya taɓa ganin ƙafafunta. Amma ita kujera ta zahiri, mai ƙafa huɗu ko biyar, wadda ma'aikaci ke ɗora mazaunansa a kanta tun ƙarfe takwas na safe har bayan la'asar, ban taɓa jin an yi zaman shawara dominta ba. To ni yau a kanta zan yi magana. Mai karatu ya yi mini haƙuri idan ya zo neman labarin masoya ya tarar da zancen katako da soso.

Abin da nake son faɗi gajere ne, bayaninsa ne zai ɗan ja mu. A ofisoshinmu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, da ma'aunin muƙami ake sayen kujera, ba da ma'aunin jiki ko yawan sa'o'in zama ba. Shi ya sa wanda ya fi kowa daɗewa a zaune ke samun mafi munin wurin zama, wanda kuma bai cika zama ba a girke masa karaga. Ni a ganina wannan cuta ce, kuma ko shi ogan da ake ganin an kyautata wa bai tsira ba.

Duk wanda ya taɓa shiga ofis neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko ya je bin fayil ɗin fanshon mahaifinsa, ya san abin da zan kwatanta. A ɗakin farko za ka tarar da benci na katako, ko kujerar roba irin ta gidan biki wadda ƙafarta ta tsage aka ɗaure da waya, wani lokaci ma a haɗa biyu a ɗora wata kan wata don su iya ɗaukar mutum. Nan akawu yake. Nan mai buga takardu take, ta miƙa wuya gaba kamar zakara na leƙen buta, saboda teburin ya yi mata tsawo, kwamfutar kuma ta yi ƙasa. In ka samu shiga ɗakin ciki, sai ka ga labule da fanka, da wata baƙar kujera mai sheƙi wadda majinginarta ta ɗara kan mai ita tsawo, ba a ko cire ledar da ke hannuwanta ba don kada ta tsufa. Mai ita kuwa yana taro a Sakkwato, sai jibi.

Na taɓa tambayar wani dattijon akawu, a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba, yadda yake iya yini a kan kujerarsa. Gindinta ya burma tun tuni, ya cike ramin da kwalaye da wani tsohon filo. Ya dube ni ya ce, “Malam, haka munka iske ta. Wanda ag gabana ma bisa gare ta yay yi ritaya.” Sannan ya ja durowa ya nuna mini man zafi da katin ƙwayoyin kashe ciwo, kamar mai nuna takardun shaidar aiki.

Na san abin da wasu za su ce. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mai dashen shinkafa a ƙasan madatsar ruwan Goronyo, wanda ke yini a duƙe cikin laka, in ya ji akawu na kukan ciwon baya saboda zama a inuwa, dariya zai yi, kuma ba zan ga laifinsa ba. A wurinmu zama hutu ne, mai aikin ofis kuma ɗan gata ne. Sai dai jiki bai san da wannan lissafi ba. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan da sana'o'i ke jawo wa masu yin su, kuma bai tsaya kan masu haƙar ma'adinai da sauran masu aikin ƙarfi ba, ya sa har da masu aikin zaune irin su teloli da masu ɗinkin takalma, daga baya ya ƙara da marubuta da akawuna. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu wata larura da ta kai shi nakasa mutane da hana su aiki. A cikinsu akwai mai fartanya, akwai mai biro.

Ga yadda abin yake. Ƙashin bayan ɗan Adam ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera wani kan wani, tsakanin kowane biyu da wani ɗan faifai mai laushi da ke aiki kamar matashi, kuma jerin yana da lanƙwasa: a wuya ya shiga ciki, a gadon baya ya fito, a ƙugu ya sake shiga ciki. Ƙasusuwa biyar na ƙugu su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su. Idan mutum yana tsaye, lanƙwasar nan tana nan yadda aka halitta ta. Da ya zauna a kan benci ko kujerar da ba ta tallafe shi ba, bayan 'yan mintoci naman baya zai gaji, kwankwaso ya zame baya, lanƙwasar ta baje, bayan ya koma kamar baka. Daga nan kai zai sunkuyo, kafaɗu su biyo shi, wuya ya ɗauki dakon kan da ya kai nauyin wajen kilo biyar. Minti goma a haka ba komai ba ne. Awa shida kullum, shekara talatin da biyar ta aikin gwamnati, wannan kuma wani zance ne. Ka haɗa da cewa da yawa daga ma'aikatan wannan yanki daga Sakkwato suke tasowa, a cushe su a mota ta Achida har Wurno ko Goronyo, ko su hau babur su yi ta karo da ramuka. Kafin su isa ofis bayan ya riga ya sha kashi, sai kuma a miƙa shi ga benci.

Kada a ɗauka ina cewa duk ciwon baya kujera ce ta kawo shi. A'a. Wanda ciwon ke sauka masa har ƙafa yana jin ta mutu ko ta yi rauni, ko ya kasa riƙe fitsari, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, wannan ba kafinta zai nema ba, asibiti zai nufa, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko na ƙashi da ke Wamakko, ko Dala a Kano. Haka nan ƙwayoyin da dattijon nan ya nuna mini, irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis kamar alewa, yawan shan su na ƙwaƙule ciki ya kawo gyambo, yana kuma taɓa ƙoda. Kuɗin da wani ke kashewa a kansu cikin shekara biyu da ya ishe shi gyara wurin zamansa.

Akwai kuma masu wata hujjar da ta fi ta manomi ƙarfi, kuma ni kaina tana burge ni. Su kan ce, wai don Allah da wace kujera magabatanmu suka yi rubutu? Ga Wurno nan, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna, ya rasu a cikinsa a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. Mutum ne da ya haɗa mulki da yaƙi da rubuce-rubuce masu yawan gaske, a tarihi da siyasa da fiƙihu, har da likitanci, domin ya yi rubutu a kan maganin basir, ciwon da masu dogon zama suka san shi sarai. Ga ƙanwarsa Nana Asma'u, ga mijinta Waziri Giɗaɗo. Duk a ƙasa suka yi aikin nan, a kan buzu ko tabarma, takarda a kan gwiwa, tawada a gefe. To me zai sa jikokinsu su ce sai da kujera mai taya?

Amsata ita ce, a dubi yadda mai zaman tabarma yake zama. Ba ya minti ashirin a siga ɗaya. Yanzu ya tanƙwashe ƙafa, an jima ya miƙe ɗaya, ya kishingiɗa, ya jingina da bangon zaure, ya tashi ya tarbi baƙo, ya yi alwala, ya taka zuwa masallaci. Takardar ce ke bin jikinsa, duk inda ya juya ta juya. Kuma tun yana yaro gaɓoɓinsa suka saba da tsuguno da zaman ƙasa. Mai kwamfuta kuwa shi ke bin na'ura. Allon rubutu na wuri ɗaya, fuskar kwamfuta na wuri ɗaya, idonsa da yatsunsa an ɗaure su a nan, saura jikin dole ya daskare. Ba aiki ɗaya ba ne, don haka kayan aikin ma ba za su zama ɗaya ba. Wanda ya iya komawa tabarma da aikinsa, ni ban hana shi ba. Amma ba a ɗora tafireta a gwiwa, ba a kuma karɓar fayil ɗin mutane a kishingiɗe.

Tebur da kujera a matsayin kayan aiki zamanin En'e ne ya yaɗa su a ƙasar nan. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, yana cikin waɗanda suka ga zamanin biyu: ya fara da allo a ƙasa, ya je Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya dawo ya zama hakimin Rabah a 1934, lokacin da aikin hakimi ya riga ya haɗa da rajistar haraji da rasit da rahoto. Mun karɓi tebur, mun karɓi kujera, amma sai muka shigar da ita cikin tsarin da muka sani na fada, inda babba ke sama, talaka ke ƙasa. A fada wannan daidai ne, domin karaga alama ce, ba a buga wasiƙa a kanta. Matsalar ita ce mun kwaso ladabin fada mun kai ɗakin da ake yinin aiki.

Abin dariyar shi ne, ita kujera mai juyi da taya ba don ƙasaita aka ƙirƙiro ta ba. Thomas Jefferson na Amurka yana da kujera mai juyawa da ake cewa a kanta ya tsara takardar ayyana 'yancin ƙasarsu a 1776. Charles Darwin na Ingila kuwa tayoyi ya sa wa kujerar ɗakin karatunsa don ya riƙa gangarawa daga wannan tebur zuwa wancan ba tare da ɓata lokaci ba. Mutane ne masu aiki da suka nemi sauƙin aiki. Mu kuma a nan, wadda ke buƙatar juyawa sau ɗari a yini daga kwamfuta zuwa injin buga takarda zuwa kabad ɗin fayil, ita ke kan kujerar roba tana murɗa ƙugu, mai juyin kuma tana ɗakin ciki ana lilo a kanta ana amsa waya.

To yanzu a ce an ba ka zaɓi, ko kai ne mai shagon buga takardu, ko mai POS, ko malamin makaranta mai makin jarrabawa da dare, ko marubuciya da ta gaji da rubutu a kan gado ruf da ciki. Me za ka duba?

Fara da tsawo, domin shi ne uwa. Ka zauna ka tura mazaunanka har ƙarshen kujera. Tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, cinyoyinka su kwanta daidai, gwiwa ta yi daidai da kwankwaso ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. In ƙafa na reto, bakin kujera zai danne jijiyoyin ƙarƙashin cinya, shi ne za ka ji ƙafa ta yi tsami ko ta kumbura da yamma. In kuma kujerar ta yi ƙasa, gwiwa ta yi sama, nauyin duka ya koma kan ƙashin mazaunai. Yawancin kujerun da ake ɗagawa a sauke suna tsakanin inci 16 ne zuwa 21, teburan ofis kuma inci 29 zuwa 30. Wannan tebur ya yi wa mutane da yawa tsawo, musamman mata. Maganin abin shi ne a ɗaga kujera har gwiwar hannu ta zo daidai da saman tebur, sannan a sa wa ƙafa matashi, ko guntun katako ne ko bulo. Ba abin kunya ba ne.

Sai zurfin wurin zama, kuma a nan ne kujerar oga ke cin amanar mai ita. Don a ga girmanta akan yi ta da zurfi ƙwarai, sai mai matsakaicin tsawo ya rasa yadda zai yi: in ya jingina, ƙafarsa ta bar ƙasa, in ya taka ƙasa, bayansa ya bar majingina. Sai ya ƙare a ɗofane a bakinta kamar baƙon da bai saki jiki ba, ga majingina har sama da kai amma ba ta amfana masa komai. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan ka jingina, ka zura yatsu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. In yatsu biyu ko uku sun shiga, ta yi. In ba su shiga ba, tashi ka bar ta ko da kyauta ce.

Majingina kuma ba tsawonta ake dubawa ba, tudunta ake nema. Ya kasance akwai ɗan tudu daidai inda ɗamara ko mazagin wando ke zama, wanda zai cike ramin ƙugu ya hana shi bajewa. Kada ta tsaya cak kamar bango, ta ɗan kwanta baya kaɗan, in ma tana motsi tana bin bayanka ya fi. Hannuwan kujera su tsaya inda gwiwar hannunka za ta sauka kafaɗa na sake. In sun yi sama, za ka yini da kafaɗu a ɗage kamar mai jin sanyi; in kuma suna hana kujera shiga ƙarƙashin tebur, gara babu su.

Akwai wasu abubuwa da Bature mai ƙera kujera bai yi tunaninsu ba, mu ya kamata mu yi. Babbar riga na maƙalewa a hannun kujera, bakin dogon hijabi ko zane na shiga taya ya naɗe. Da yawanmu kuma, da zarar ofis ya yi shiru, sai mu tuɓe takalmi mu naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera, kuma ni ban ga aibin hakan ba, canjin zama ne. Don haka a nemi mai faɗi, marar rami a tsakiya. Batun taya kuwa, a dubi daɓen ɗakin tukuna. Simintin da ya farfashe, ga rairayi, ga ƙurar hunturu, ba ya barin tayar roba ta yi shekara. In dole sai mai taya, ta kasance mai ƙafa biyar, don mai huɗu na kifewa in an jingina da ƙarfi. Kuma kafin ka biya, ka kifar da ita a gaban mai shago ka duba gindinta: ƙarfe ne ko roba ce aka shafa wa fenti mai ƙyalli? Ka tambaye shi ko ana samun bututun da ke ɗaga ta in ya lalace, domin shi ke fara mutuwa, ka ga mutum na rubutu yana nutsewa a hankali. Kada kuma ka yarda da zaman minti ɗaya. Sabon soso kowane iri ne daɗi gare shi a farko. Ka zauna kwata guda kana ciniki. Soson da ka danna da babban yatsa ka ji katako a ƙasa, wata uku zai yi.

Yanzu ga inda na fi jin haushi, wato abin da ake lulluɓe ta da shi. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wutar lantarki kuma sai an ga dama, wane ne ya ce mana baƙar leda ce abin zama? Ba fata ba ce, roba ce aka manna a kan yadi. Ba ta shan gumi, ba ta barin iska ta ratsa. Mutum ya tashi rigarsa ta manne a baya, ga ƙuraje, bayan shekara ɗaya ko biyu ta fara saɓulewa tana bin shadda. Kyan ɗan maciji ke nan. Kuma wai a jihar da jar akuyarta ta yi suna a duniya wajen kyan fata, wadda aka daɗe ana ratsa Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko.

A shekarar 1994 kamfanin Herman Miller na Amurka ya fito da wata kujera mai suna Aeron, ƙirar Bill Stumpf da Don Chadwick, wadda ta canza tunanin masu ƙera kujerun ofis. Me suka yi? Sun cire soso da fata gaba ɗaya, suka ɗaure wata raga mai ƙarfi a jikin firam, iska na wucewa, nauyin jiki na bazuwa. Kuma suka yi ta girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, gwargwadon jikin mai zama, ba gwargwadon matsayinsa ba. Kuɗin sabuwarta ya haura dala 1,000, don haka ba cewa nake a je a sayo ba. Abin da nake so a lura shi ne, dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kujerar nan ta ƙarfe da masu walda ke yi a saƙe ta da igiyar roba, wadda ake shan iska a kanta a ƙofar gida daga nan har Illela da Ƙonni, ai ita ce raga. Gadon kara da tabarmar kaba ma haka suke, iska na bi ta cikinsu. Laifin ta ƙofar gida ɗaya ne, don hutu aka yi ta, ta yi ƙasa kuma ta kwanta da yawa. Da za a ɗaga ta, a miƙar da bayanta, a lanƙwasa ƙarfen daidai ƙugu, da ta fi rabin abin da ake jibgewa a shagunan kayan ofis dacewa da mu.

Wannan ya kawo mu batun kuɗi, don na san nan gizo ke saƙa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun dokar 2024, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 duk abin da aka shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Ba mai hankalin da zai ce wa ƙaramin ma'aikaci ya bar buhun gero ya sayi kujera. Amma ina da tambaya. Me ya sa muke kai wa tela awo, ba ma kai wa kafinta? Ba wanda zai yarda a ɗinka masa riga da awon maƙwabcinsa, amma sai mu ce wa kafinta “yi mini kujera” mu juya. Ka je da kanka, ka zauna a kan benci, ya sa tef ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka, wannan ne tsawonta. Ya auna daga bayanka zuwa bayan gwiwa ya rage inci biyu, wannan ne zurfinta. Ya auna inda ramin ƙugunka yake ya sa tudu a nan. Ya goge bakin gaba ya zama mai gangara don kada ya yanki cinya. In da hali a sa soso mai tauri a rufe da yadi mai kauri. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, ya naɗe tawul ko tsohon zane ya ɗaure a majingina daidai ƙugu, ya tara littattafai a ƙarƙashin kwamfuta har saman fuskarta ya zo daidai idonsa, nisanta kuma kamar tsawon hannu. Wannan ko kwabo ba ya ci.

Sai dai ko ka samu wadda ta fi kowace a duniya, kada ka manta da maganar kifi, da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin. Direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma aka tarar direbobi sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya. Mu Allah Ya hutar da mu da azahar da la'asar, suna tayar da mu ko ba mu so, amma daga safe zuwa azahar tazara ce mai tsawo. Kowane rabin awa a miƙe, ko da zuwa randa ne. Oga kuma ya rage danna ƙararrawa. Fayil ɗin da zai aiki masinja ya ɗauko daga ɗaki na gaba, in ya taka da kansa shi ya ci riba.

Magana ta ƙarshe ga masu sa hannu a takardar sayen kaya, shugabannin ma'aikata da ma'aji da masu kula da sito, da shugabannin makarantu, da masu shaguna. Idan kuɗin kayan ofis ya fito, kafin a kira ɗan kwangila ya kawo hoton kujeru a waya a zaɓi mafi ƙyalli, a zagaya ɗaki ɗaki da takarda a rubuta awa nawa kowa ke yi a zaune. Wanda ya fi yawa shi za a fara saya wa, kuma a tafi da shi ya gwada da jikinsa. Kuɗin karaga ɗaya da kushin ɗin baƙi da ke gabanta zai iya zaunar da duk mutanen ɗakin farko zama na mutunci. Mai buga takardun da bayanta bai dame ta ba ta fi saurin aiki, ta fi ƙarancin kuskure a sunayen mutane da lambobin albashinsu, kuma ta fi sakin fuska ga tsohon da ya taso daga ƙauye tun asuba.

Masu walda da kafintocinmu na Wurno da Rabah da Goronyo kuma, ga kasuwa nan a buɗe ba mai ita. Firam na ƙarfe, ƙafa huɗu marasa taya, wurin zama da baya na saƙin igiya ko yadi mai kauri, tudu a ƙugu, girma uku, da ɗan matashin ƙafa na katako a haɗa da shi. Wanda ya fara ƙerawa kada ya kai wa oga samfur. Ya ajiye ta a gaban mai buga takardu ranar Litinin, ya dawo ranar Juma'a ya ji abin da za ta ce.